Naman layya, ɗankwali da kalangu: yadda za a saɓa ba tare da an raba ikilisiya ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina shugabancin Zumuntar Mata a wata ƙaramar ikilisiya da ke gefen Samaru. A duk tsawon lokacin nan ba a taɓa kawo mini ƙarar cewa wata ta musanta tashin Yesu daga matattu ba. Ƙarar da ake kawowa ta ɗankwali ce, da wando, da jan baki, da wadda aka ga mijinta a ƙofar gidan burkutu. Wadda ta fi hana ni barci kuwa, a kan soyayyen nama ce cikin kwanon samira.

Kwana biyu bayan Babbar Sallah ne, mun gama koyon waƙa, sai wata yarinya sabon aure ta buɗe kwano ta ce, "Iyaye, ga nama, maƙwabciyata Hajiya ce ta aiko." Haifaffiyar Wusasa ce. An yi wa kakanta baftisma a majami'ar nan ta ƙasa, Sent Batalomi, wadda aka gina a 1929 lokacin da mishan ɗin Likita Mila ya fito daga cikin birnin Zariya ya koma can. A gidansu rabin dangi Musulmi ne. Su aiko da naman layya, a mayar musu da shinkafar Kirsimeti, haka ta buɗe ido ta gani. Kafin kwanon ya zagaya, wata dattijuwa ta miƙe ta ce an shigo da ƙazanta ɗakin Ubangiji. Ni kuma na yi dariya. Dariyar nan ita ce kuskurena na farko, domin cikin mako biyu mata sun rabu benci biyu, kowane ɓangare da mai ba da waƙarsa.

Abin da zan faɗa a nan daga wannan rikici na koye shi, da wasu irinsa.

Ku fara da ware maganar. Kafin kowa ya buɗe baki, a zauna a tambaya: wannan abu dokar Allah ce, ko dokar ɗariƙa, ko al'adar gida? Uku ne daban, amma idan rai ya ɓaci sai a cakuɗa su. Abin da muke furtawa cikin shaidar bangaskiya ba na ciniki ba ne. Zina, sata, maye, tsafi, shaidar zur, an kira sunansu ɓaro-ɓaro, babu mai cewa lamirinsa ya yarje masa. Amma idan kuka ga masu tsoron Allah, kowa da Littafi Mai Tsarki a hannu, sun karanta sun yi addu'a kuma sun fito da amsa biyu, to ku yi zaton kun shigo gonar lamiri. Ɗauki giya. Afisawa 5:18 ta hana buguwa, wannan babu gardama. Ɗariƙu da yawa a Arewa sun hana sha gaba ɗaya, kuma wanda ya ga yadda burkutu ya cinye gidaje ba zai ce sun yi wauta ba. Idan ka shiga ɗariƙar da ta hana, ka bi, ai alkawari ka ɗauka. Sai dai kada ka ce ɗan wata ɗariƙa da ya kurɓa a wurin biki ya fita daga Almasihu. Dokar gidanku ce, ba maƙullin sama ba.

A Zariya wannan warewa ta zama dole, domin mu taron dangi ne. Jirgin ƙasa ya tara mutane a Sabon Gari, barikin soja ya kawo nasa, Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take kwaso 'ya'yan kowace ƙabila. A benci ɗaya za ka ga Bahaushen Wusasa da babbar riga, da Bajju, da Ngas, da Tibi, da Bayarabe, da wanda iyayensa Maguzawa ne daga ƙauyukan Giwa ko Ikara. Wani kalangu na tuna masa bikin ƙanwarsa, wani kuma na tuna masa wasan bori da ya tuba ya bari. Kiɗa ɗaya ne, kunne biyu.

Sai abu na biyu, wanda na fi ba wa muhimmanci: kada ku yi shari'ar a gaban taro. Ku tafi gida. Zumunci a ƙafa yake. Na sayi lemo na je gidan dattijuwar nan da yamma, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mama, na yi miki dariya a gaban yara, ki yafe mini." Ban tambaye ta ayar da ta dogara da ita ba. Cewa na yi, "Mama, me naman nan ya tuna miki?" Ta daɗe shiru, sannan ta ba ni labari. Mahaifinta shi ne mai yanka wa tsafin ƙauyensu. Ranar da ta karɓi baftisma ta ƙi cin naman yankan, aka yi mata dūka, aka kore ta daga gida tana budurwa. Tun ran nan ta yi wa Allah alkawari ba za ta ƙara cin naman kowace irin hadaya ba. To ki gaya mini, wadda ta biya wannan farashi, da wace gardama za ki ɗura mata tsoka a baki?

Da na zagaya sauran gidajen sai na tarar masu ƙin ci ma ba dalilinsu ɗaya ba. Wata ƙaninta ta rasa a rikicin addini, nata ba batun koyarwa ba ne, ciwo ne da bai warke ba, kuma abin da take bukata a zauna da ita ne, ba a buɗe mata aya ba. Wata kuwa ba ta da dalili ko ɗaya, ƙawarta kawai take bi.

Bayan an ji kowa, sai a karanta Romawa 14 tare, har zuwa 15:7, a hankali, kuma a faɗa wa mutane labarin da ke bayanta. Wajen shekara ta 49 sarkin Roma, Kalaudiyas, ya kori Yahudawa daga birnin. Korar nan ce ta kai Akila da matarsa Koranti, kamar yadda Ayyukan Manzanni 18:2 ta nuna. Kalaudiyas ya mutu a shekara ta 54, Yahudawa masu bi suka fara komowa, suka tarar ikilisiya ta koma hannun Al'ummai, wato masu bi da ba Yahudawa ba, waɗanda ba ruwansu da dokokin abinci ko kiyaye ranaku. Wasu suka koma cin ganye kawai don gudun abin da zai ƙazantar da su. Manzo Bulus ya rubuta musu wannan wasiƙa ta Romawa wajen shekara ta 57. Abin da ya ba matan zumuntarmu mamaki shi ne, kowane ɓangare ya samu nasa bulala. Mai ci, an ce kada ya rena. Marar ci, an ce kada ya hukunta. Laifi tudu ne, kowa ya zo da niyyar a karanta wa ɗaya bencin, sai ga shi an taɓo nasa.

Ku lura kuma Bulus bai ɓoye ra'ayinsa ba. A aya ta 14 ya ce shi ya tabbata babu abincin da yake haram don kansa. Amma bai tilasta wa kowa ba, har ya ce wanda ya ci yana shakka ya yi laifi. Saboda haka shugaba na iya faɗin inda ya tsaya. Ni na gaya musu ina cin naman layya, kuma zan ci gaba da ci. Maƙwabtanmu Musulmi ba masu bautar gumaka ba ne, kuma naman da muke saye kullum a kasuwar Sabon Gari da ta Samaru ai mahautan nan ne suke yankawa da bisimilla. 1 Korintiyawa 10 ma ta ce a ci abin da ake sayarwa a mahauta ba tare da bincike ba, idan kuma wanda ba mai bi ba ya gayyace ka, ka ci abin da ya sa a gabanka. Amma surar nan ɗin ce ta ƙara da cewa idan wani ya nuna damuwa, ka janye hannu saboda lamirinsa. Na faɗi nawa sau ɗaya, ban maimaita ba. Kuma na ja kunnen 'yan matan da suka ce za su ba Mama naman a ɓoye, in ta cinye su gaya mata. Wannan ba koyarwa ba ce, mugunta ce.

Akwai wuri mai santsi a nan, kuma shugabanni da yawa a nan suke zamewa. Ba duk mai cewa "kin sa ni tuntuɓe" ba ne rarrauna a bangaskiya. Tuntuɓe shi ne a ja mutum ya aikata abin da zuciyarsa ke ce masa zunubi ne, ko a mayar da shi inda ya fito. Yaron da ya bar shaye-shaye wata uku da suka wuce, in ya ga dattijon ikilisiya da kwalba, yana iya komawa. Wannan a kiyaye shi. Amma wadda ta shekara arba'in cikin bi, wandon 'yata ɗalibar jami'a ba zai girgiza bangaskiyarta ba, haushi kawai take ji, so take a mayar da ɗanɗanonta doka. Bulus da kansa ya yi wa Timoti kaciya don kada ya toshe ƙofar bishara a wurin Yahudawa, amma ya ƙi a yi wa Titus lokacin da wasu suka mayar da kaciya sharaɗin ceto. A Antakiya kuma ya tsawata wa Bitrus ido da ido da ya janye daga cin abinci da Al'ummai. Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan: wanda ya ce "ni ba zan iya ba", a sassauta masa iyakar iyawa. Wanda ya ce "duk mai yi ba Kirista ba ne", a zaunar da shi cikin ladabi a ce masa a'a, ko da furfura ce a kansa. 'Yata dai na roƙe ta ta riƙa ɗaura zane ranar Lahadi, ba don Allah na ƙin wando ba, sai don ta san iyayen da take zaune da su. Ta yi gunaguni, ta ɗaura.

Daga nan sai a yi yarjejeniya ƙarama, wadda kowa zai iya riƙewa a ka. Taron Urushalima a Ayyukan Manzanni 15 bai rubuta kundi ba, abu huɗu kawai ya roƙi Al'ummai su guje wa. Tamu ma ba ta wuce haka ba. Ba a kawo naman layya wurin taron zumunta. A gida kowa ta yi abin da lamirinta ya ba ta, kuma babu mai leƙa tukunyar wata. Wadda ba ta ci, in maƙwabci ya aiko, ta karɓa da godiya ta ba wanda zai ci, ko ta yi bayani da mutunci, amma kada ta zubar a bola inda mai aikowa zai gani. Girkin taro kuma a yi abin da kowa ke ci, ban da alade, ban da kare. A kan kiɗa, da aka yi irin wannan ja-in-ja da matasa, dattawa suka raba: sujadar safe da Littafin Waƙoƙi, ta biyu da ganguna da jita.

Ku sa ido kan habaici. Mu mata mun iya shi, har cikin waƙar zumunta za a saƙa baiti a kan "masu cin abin duniya", ana kaɗa tulu ana satar kallon bencin can. Akwai mai habaici cikin addu'a, ido a rufe tana gaya wa Allah laifin maƙwabciyarta da ƙarfi don a ji. Ku tsayar da shi tun ranar farko. Haka ma zauren WhatsApp, a hana tura wa'azin da aka zaɓo don a soki wata. Na roƙi Rabaran ma, na ce, "Baba, don Allah kada maganar nan ta hau bagade sai ta huce." Ya ji, ya bari sai bayan wata biyu, kuma da ya tashi koyarwa ya fara da nasa ɓangaren.

Wani lokaci duk za ku yi wannan, wani ya tafi. Bulus da Barnaba ma sun rabu a kan Markus, daga baya ne Bulus ya rubuta wa Timoti cewa ya zo masa da Markus don yana da amfani a gare shi. Mu ma mace ɗaya ta koma wata ikilisiya a Palladan. Ba mu karanta sunanta a sanarwa ba, ba mu ce ta ja da baya ba. Da surukinta ya rasu, motar haya biyu muka cika, muka je da itace da buhun masara, muka kwana muna waƙa. Ba ta dawo ba, amma muna haɗuwa a taron makon addu'a, mu zauna wuri ɗaya.

Mama kuwa har yau ba ta cin naman layya, yarinyar nan kuma har yau tana ci. Bara ta haihu, sunan ya faɗo kwana uku bayan Sallah, gida cike da dangi Musulmi da Kirista, nama ko'ina. Ina tsakar gida sai na ga ta aiki ƙanwarta ta kamo kaza, aka yanka, aka dafa a wata tukunya daban da sabon ludayi. Da Mama ta iso da sandarta, maijegon ta fito da kwanon da kanta ta ce, "Mama, wannan naki ne, ni na tsaya a kansa." Mama ta buɗe, ta duba, ta ce gishiri ya yi kaɗan, a miƙo mata jaririn tukuna.