Darasi na Bakwai: Lambun Bayan Ɗaki

A yawancin gidajenmu akwai lungun da ake alwala. Sau biyar a rana ruwa na zuba a wurin, ƙasa ta shanye, babu mai amfana. Iyayena da yayyena, a wannan lungun za mu kafa lambunmu. Ba sai da fili ba. Tsohon bokiti, buhun da aka zazzage, ko randar da ta tsage, duk sun isa, muddin an huda ƙasansu don ruwa ya samu hanyar fita.

A cika su da ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya. Takin awaki ko na tumaki da ya daɗe ya ruɓe shi ya fi. Sabon kashin kaji yana da zafi, ƙona shuka yake yi. Ruwan alwala da na wanke shinkafa suna da kyau wajen ban ruwa, amma ban da ruwan kwata ko na sabulu, tunda ganyen cikinmu zai shiga. Kafin a shuka komai a fara yin dangan kara, don akuya ba ta jiran ganye ya girma.

Zogale

Idan abu ɗaya kawai za ku iya shukawa, to ya zama zogale. Ganyensa na ɗauke da sinadarin ƙarfe mai gina jini, da bitamin A mai kare ido, da abin da ke ƙarfafa ƙashi. Mai shayarwa, yaron da aka yaye da tsoho duk suna bukatarsa.

Hanya biyu ake shuka shi. Ta farko, a binne ƙwayar iri zurfin gaɓar yatsa ɗaya, cikin mako biyu za ta tsiro. Ta biyu ta fi sauri: a roƙi maƙwabci reshe mai kauri kamar wuyan hannu, tsawon mita 1, a kafa kashi ɗaya cikin uku a ƙasa. Zogale ya fi son a dasa shi a ƙasa kai tsaye, kuma ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa.

Da ya kai tsayin ƙugu, a tsinke kansa. Mutane da yawa suna jin tausayin yin haka, sai itacen ya miƙe sama siriri, ganye kaɗan, can inda hannu ba ya kaiwa. Wanda aka tsinke wa kai kuwa rassa yake fitarwa ta kowane gefe.

Wurin shanya ne ake yawan yin asara. Ina ganin zogale baje a tabarma cikin tsakar rana, har ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, abin yana damuna ƙwarai, domin rana ta riga ta cinye bitamin A ɗin da ake nema. A wanke ganyen, a baza shi a faifai cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfa inda iska ke kaɗawa. Lokacin hunturu kwana uku ko huɗu sun isa. Idan ya bushe yana nan kore shar, ya yi daidai. A daka, a tankaɗe, a zuba a kwalba mai murfi. Cokali ɗaya a kunu ko a miya, ana dab da saukewa.

Kakanninmu da suka haɗa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa sun yi dabara, don jiki ya fi ɗaukar bitamin A idan akwai mai. Tumatir ɗanye ko ɗan matsin lemon tsami yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe. Shayin ganyen kanti kuwa yana rage hakan, saboda haka a ba da tazara tsakaninsa da abinci. A rage kanwa wajen dafa ganye, tana kashe wasu bitamin. Mai ciki ta ci ganyen a abinci, amma kada ta kusanci saiwa ko ɓawon itacen.

Na'a-na'a, ɗaɗɗoya da yakuwa

Na'a-na'a ba ta da wuya. A sa reshenta a kofin ruwa, bayan 'yan kwanaki za ta fitar da saiwa, sai a dasa a bokiti, don in an sa ta a ƙasa mamaye wuri take yi. Da bazara a matsar da ita inuwa. Shayinta na sauƙaƙa kumburin ciki, sai dai mai fama da ƙwannafi ya lura, takan ƙara masa.

Ɗaɗɗoya a riƙa tsinke furenta don ganye ya yawaita. Ƙamshinta a miya ko farfesu yakan sa a rage gishiri da dunƙule.

Yakuwa da farkon damina ake shuka ta, a ci ganyen a miya da fate, da kaka a girbe zoɓorodo. Zoɓo yana ɗan saukar da hawan jini, amma wanda aka cika wa sukari ya ɓata amfaninsa. Mai shan maganin hawan jini kada ya daina, kuma ya gaya wa ma'aikacin lafiya in yana yawan shan zoɓo.

Inda ganye ya tsaya

Waɗannan ganyaye abinci ne na kullum da ke ƙarfafa jiki tun kafin ciwo ya zo. Na san gidan da aka yi kwana uku ana ba yaro jiƙo yana ta zazzaɓi, sai da ya fara suma aka ɗauke shi. Zazzaɓi, musamman ga yaro ko mai ciki, a kai asibiti ranar don a gwada jini. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuma nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ba jiƙo, ba ruwa.

Aikin gida

Rubuta sunayen ganyaye huɗu na wannan darasi a littafinka. Sannan ka lissafa: uwargida na sayen zogalen naira 200 sau uku a mako, nawa take kashewa a mako huɗu? Ranar darasi na gaba kowa ya zo da reshen zogale ko na na'a-na'a, za mu yi musaya a aji.