Yadda ake riƙe kuɗin tallafin haya na marasa matsuguni a Amurka ba tare da an ce ku dawo da shi ba

Jama'a salamu alaikum. Wani dattijo a masallacinmu ya tare ni bayan Juma'a, wai ƙungiyarsu ta samu shiga cikin waɗanda birni zai ba kuɗin tallafin haya su raba wa marasa wurin kwana, an ce su fara wata mai zuwa, shi kuma bai san ta ina ake kama abin ba. Na ce masa Alhaji ka bari in rubuta kawai, don wannan magana ta fi ƙarfin a yi ta a tsaye wajen takalma. To ga shi, duk wanda aikin ya faɗo wa a hannu sai ya karanta.

Farko dai ka san kuɗin waye kake riƙe da shi. Yawancinsa daga ma'aikatar gidaje ta tarayya yake fitowa, wato HUD, ƙarƙashin dokar McKinney-Vento ta 1987 wadda aka yi wa garambawul a 2009 da dokar HEARTH. Manyan hanyoyin biyu ne, akwai ESG wanda ake ba jihohi da manyan birane su kuma su raba wa ƙananan ƙungiyoyi irin namu, akwai CoC wanda ake nema ta gasa ta hannun haɗakar ƙungiyoyin yanki. Ni ESG na fi sani kuma shi ƙananan ƙungiyoyi suka fi samu, don haka kusan duk abin da zan faɗa a kansa ne. Kuma buƙatar ba ƙarama ba ce, ƙidayar da aka yi a dare ɗaya cikin Janairun 2024 ta samu mutum 771,480 ba su da matsuguni a ƙasar nan da mutanen gida ke ɗauka ana share dala a titi.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne ba za a zuba muku kuɗi a akawun a ce bismillah ba. Galibi naku za ku fara kashewa, ku tattara rasit da shaidar biya ku tura, sannan a mayar muku, kuma doka ta ba birnin kwana 30 daga ranar da takardunku suka cika, ka lura da kalmar nan cika, don in rasit ɗaya ya ɓace lissafin bai ma fara ba. Saboda haka kafin ku ɗauki mutum na farko ku tabbata kuna da abin da zai riƙe hayar mutanenku na wata biyu ko uku daga aljihun ƙungiya. Sannan akwai kuɗin gudummawa, a ESG dala ɗaya ta gwamnati sai an kawo dala ɗaya a gefenta, wani birnin shi yake ɗaukar nauyin, wani kuma ya ɗora muku, a CoC kashi 25 cikin ɗari ne. Kuɗin gudanar da ofis kuwa a ESG bai wuce kashi 7.5 ba, shi ma a hannun birnin yake, yana iya ba ku wani abu daga ciki ko ya riƙe. Duk wannan yana cikin yarjejeniyar da kuka sa wa hannu, a zauna a karanta ta layi-layi da akanta, kar a bar ta a durowa.

Yanzu ga inda mu Hausawa muke shan wuya. Mu a tarbiyyarmu in za ka taimaki mutum sai ka ja shi gefe, ka dunƙule hannu ka sa masa a aljihu, ba ka tambayarsa ina ya kwana jiya don kar ka tona masa asiri. A wannan aiki kuwa tambayar nan ita ce ta farko, kuma sai an rubuta amsar, an sa kwanan wata, an sa hannu. Dalili shi ne HUD tana da nata ma'anar marar matsuguni, rukuni huɗu ne, amma uku za ka riƙa karo da su kullum. Wanda yake kwana a mota ko tasha ko lambun shaƙatawa ko kango ko gidan kwanan gaggawa da ake kira shelta, shi ne rukuni na ɗaya, shi ake sakawa a shirin mayar da mutum gida da sauri. Wanda zai rasa wurin da yake cikin kwana 14, ba shi da inda zai nufa ba shi da mai ɗaukarsa, rukuni na biyu. Sai wadda ta gudo daga duka ko barazana a gida, rukuni na huɗu.

Matsalar, mutanenmu ba kasafai suke kwana a titi ba. Kunya da zumunci ba sa bari, sai ka ga mutum wata shida yana kan kujerar falon abokinsa, da asuba ya naɗe bargo ya tura ƙarƙashi kafin yara su tashi. A idonka da nawa wannan ba shi da gida, amma a takarda ba rukuni na ɗaya ba ne. Kar tausayi ya sa ka rubuta cewa a mota yake kwana, wallahi ƙarya ce kuma ita ke rushe ƙungiya. Ka duba ko zai shiga ɓangaren rigakafi, wanda ake yi wa waɗanda ke gab da rasa wuri, in abin da yake samu bai kai kashi 30 cikin ɗari na matsakaicin samun yankin ba. Sai mai falon ya rubuta cewa ya ba shi wa'adi zuwa rana kaza. Nan ma sai ka lallaba, don Bahaushe zai ce maka haba malam, ni in rubuta da hannuna na kori baƙona? Sai ka zaunar da shi ka fahimtar da shi cewa in dai da gaske zaman ya zo ƙarshe, takardar nan ita ce za ta samar wa baƙon nasa ɗaki.

Shaida ma hawa-hawa ce. Wadda ta fi ƙarfi takarda daga wani, kamar wasiƙar shelta. In babu, abin da ma'aikacinku ya gani da idonsa ya rubuta, misali ya je filin ajiye motoci da ƙarfe shida na safe ya tarar da mutumin a kujerar baya, gilasai sun yi raɓa ta ciki, ga buta da jakar kaya. In wannan ma bai samu ba sai mutumin ya rubuta da kansa, ku kuma ku rubuta ƙoƙarin da kuka yi na neman sauran. Maganar takardun zama kuwa kar ka yanke hukunci da kanka, ka tambayi ofishin da ya ba ku kuɗin su amsa maka a rubuce, ka sa a fayil.

Wani abin da zai ɓata wa dattawanmu rai, ba ku kuke zaɓar wanda za ku taimaka wa yadda kuka ga dama ba. Kowane yanki yana da layi ɗaya na shiga inda ake auna kowa a tura shi wurin da ya dace, daga nan za a riƙa turo muku mutane, Musulmi da Kirista da wanda bai yarda da komai ba, kuma ba ku da ikon cewa sai ya zo karatu ko salla kafin a biya masa. Ɗan'uwan ma'aikaci ko gidan hayar ɗan kwamiti ma a yi nesa da su, dokar ta hana ka ko iyalinka cin moriyar kuɗin kana kan aiki har shekara guda bayan ka bari. Duk wanda kuka ɗauka sai an shigar da shi rumbun bayanan kwamfuta da ake kira HMIS, in ban da ƙungiyoyin da aikinsu kula da matan da aka ci zarafi ne, su nasu rumbun daban ne don kar mai nemansu ya gano inda suke.

To an samu mutum ya cancanta, saura gida, kuma nan ne ni na ƙone. Wata shekara cikin tsananin sanyi muna da wata baiwar Allah da yara biyu a shelta, muka samu ɗaki biyu da falo, mai gidan ya ce in ba a biya yau ba gobe akwai mai so. Na sa aka rubuta cak aka ba shi, ta shiga ranar Litinin, aka je duba gidan ranar Alhamis. Gida lafiya lau, ba abin da aka samu. Bayan wata tara mai bincike ta zo, ta buɗe fayil ta ajiye takardar biya kusa da takardar duba gida, ta nuna min kwanan watan biyu da bakin biro, ko magana ba ta yi ba. Kuɗin nan daga asusun sadakar jama'a muka mayar da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tun daga ranar ba na sa hannu a cak sai na ga abu huɗu a fayil.

Na ɗaya takardar duba gida, an ga hita tana aiki, akwai ruwan zafi, wayoyin wuta ba a buɗe suke ba, na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi tana nan da batir. In an gina gidan kafin 1978 kuma akwai yaro ƙasa da shekara 6 ko mai juna biyu, sai an duba fenti ko yana ɓarewa saboda gubar dalma, mu da muka ji abin da dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi mana wa'azi a kan wannan ba. Na biyu lissafin haya. HUD tana fitar da rufin haya, wato iyakar kuɗin hayar da ba a haurawa, na kowane yanki duk shekara, yana fara aiki 1 ga Oktoba, kuma inda mutane ke faɗawa rami shi ne rufin ya haɗa da wuta da gas da ruwan da ɗan haya zai biya. A ce rufin dala 1,500 ne, mai gida ya ce 1,400, kana murna, ashe ƙiyasin wuta da gas 150 ne, ka ga an haura ke nan. Bayan rufin kuma sai ka kwatanta da wasu gidaje irinsa a unguwar don a ga ba a tsuga muku ba saboda an ji kuɗin gwamnati ne. Na uku rubutacciyar yarjejeniyar haya tsakanin mai gida da ɗan haya. Na huɗu wata yarjejeniyar tsakaninku da mai gidan, wadda ta ce nawa za ku biya, yaushe, kuma dole ya turo muku kwafin duk takardar tashi da ya ba ɗan hayan.

Kuɗi kuma ba ya bi ta hannun wanda ake taimaka wa, ko kwabo. Kai tsaye ake biyan mai gida ko kamfanin wuta ko masu kwashe kaya. Ana iya biyan kuɗin ajiya da bai wuce hayar wata biyu ba, da bashin haya har na wata shida sau ɗaya, da haya kanta har wata 24 cikin shekara uku, kuma watannin bashin suna cikin 24 ɗin, mutane da yawa suna mantawa da wannan. In mutum yana da wani tallafin haya na gwamnati kamar Section 8 ba a ninka masa da naku. In ku kuka yi lattin biya mai gida ya ci ku tara, daga aljihunku za ta fito. Ni ranar 25 ga wata nake fitar da cak ɗin wata mai kamawa, don mai gidan da aka biya a kan lokaci shi ne zai kira ka in wani ɗaki ya fita, kuma a wannan aiki mai gida mai haƙuri ya fi kuɗin wahalar samu.

Bayan an shiga gida a riƙa haɗuwa da mutumin aƙalla sau ɗaya a wata, a rubuta abin da aka tattauna ko layi uku ne. Na rigakafi ana sake auna cancantarsu duk wata uku, waɗanda aka ɗauko daga titi ko shelta sau ɗaya a shekara. Kuma tun watan farko a fara maganar ranar da tallafi zai ƙare, ba a fafe gora ranar tafiya. Mu muna sa mutum ya fara biyan ɗan wani abu yana ƙarawa a hankali, muna cike masa fom na gidajen gwamnati tun da wuri tunda layinsu shekaru yake ɗauka, amma wannan tsari sai ya dace da rubutattun ƙa'idojin da birninku ya gindaya, kar ku ƙirƙiro wa kowa nasa.

In ta kama sai an cire mutum daga shirin, ba a yin sa ta waya cikin fushi. A ba shi takarda mai ɗauke da dalili, a ba shi dama ya kare kansa a gaban wani wanda ba shi ya yanke hukuncin ba kuma ba yaronsa ba ne a ofis, sannan a ba shi hukuncin ƙarshe a rubuce.

Fayil kuma ba a zubarwa don mutum ya tafi. Shekara 5 ake ajiyewa, ana lissafawa daga lokacin da aka gama kashe kuɗin wannan tallafin kaf, ba daga ranar da ya fita ba. A sa su a kabad mai makulli, makullin a hannun mutum biyu kawai, don a cikin fayil ɗin nan akwai asirin mutanen da za ku haɗu da su a sahu ɗaya ranar Juma'a. Alhaji in kun karɓi yarjejeniyar taku ka kawo min bayan la'asar mu duba maganar gudummawar nan tare kafin ku ɗauki kowa.