Idan Alkama Ba Ta Karɓar Jikinka

Mutane da yawa suna haɗa matsaloli biyu wuri guda, alhali sun bambanta. Wanda jininsa bai haɗu da alkama ba yakan ga alama cikin mintuna zuwa awa 2 bayan ci: ƙaiƙayi, borin jini, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi. Idan numfashi ya fara sarƙewa, a garzaya asibiti nan take, domin allurar adirenalin ce ke ceton rai.

Cutar siliyak kuwa a hankali take yin ɓarna, domin sinadarin gulutin da ke cikin alkama da sha'ir yana sa garkuwar jiki ta lalata bangon ƙaramin hanji, sai a riƙa fama da gudawa, kumburin ciki, rama da ƙarancin jini, yara kuma su tsumbure. Shawarata ita ce kada a daina cin alkama kafin a yi gwajin jini, saboda dainawar tana iya ɓoye cutar.

Idan likita ya tabbatar, burodi, taliya, gurasa, funkaso, alkaki da cincin sun fita daga lissafi. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo da doya duk ba su da gulutin. Sai dai a kula da ɗanwake, wanda wasu ke haɗa garinsa da fulawa, da kuma injin niƙa na unguwa, inda ragowar alkamar wani ke iya gauraya da garin tuwonka.