Yadda ake gane ciwon yaushin tumatir a kuma kare fangas masu amfani a saiwa

A fadamun Soba, Kudan da Ikara akan ga tumatir ya yi yaushi da rana, ya farfaɗo da yamma, bayan 'yan kwanaki kuma ya kwanta gaba ɗaya alhali ganyensa kore shar. Sau da yawa aikin bakteriyar Ralstonia solanacearum ne. Takan shiga ta raunin da fartanya ko tsutsar saiwa ta yi, ta toshe hanyoyin ruwa a cikin kara.

Ɓarnar takan kai har cikin ƙasa. Akwai fangas, wato dangin fumfuna, da ake kira maikoraiza, masu zare siriri da ke manne a saiwa suna jawo wa shuka ruwa da fosfaras, ita kuma tana biyan su da sukarin da ganye ya haɗa. Da shuka ta kamu, sukarin ya yanke, sai su ja baya. Saiwa ta fara ruɓewa, masu cin ruɓa da fangas masu cutarwa irin su Fusarium su samu wuri.

Da farko a tabbatar da ciwon. A yanke kara daf da ƙasa da wuƙa mai tsabta, a rataya bakin yankan cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kada a motsa. Idan cikin 'yan mintuna farin abu kamar madara ya riƙa zubowa zare-zare, bakteriya ce. Idan bai fito ba, ga ganyen ƙasa ya yi rawaya ta gefe ɗaya, a fi zargin Fusarium, a kai samfur wurin malamin gona ko cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya.

In ta tabbata bakteriya ce, kada a yi amfani da maganin feshin fangas. Nan ne kuɗin mutane ke salwanta: ba ya taɓa bakteriya, kuma irin su carbendazim idan aka kwarara a gindi suna raunana maikoraizan da suka rage.

A tuge shukar da saiwarta da ƙasar gindinta, a zuba a buhu a fitar, a ƙone. Kada a jefa a rafi ko ramin taki. A wanke fartanya da ruwan bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 9. A datse ruwan da ke bi ta fangalin da ya kamu, don shi ke kai ciwon fangali na gaba.

Wurin ya huta da tumatir aƙalla shekara 3. Tattasai, attaruhu, gauta da dankalin Turawa duk dangi ɗaya ne da tumatir, in aka shuka su ba canji aka yi ba. Masara da dawa su suka dace: ciwon ba ya kama su, kuma saiwarsu na ciyar da maikoraiza. Kabeji ba ya ɗaukar waɗannan fangas, don haka ba zai farfaɗo da su ba.

Bedin reno kuwa, a jiƙa shi a rufe da farar leda mako 4 zuwa 6 a zafin Maris da Afrilu. Zafin ba ya zaɓe, har masu amfanin yake kashewa, saboda haka bayan an yaye ledar a cakuɗa takin gargajiya da ya ruɓe sosai. Takin zamani mai fosfaras kuma a sa daidai yadda malamin gona ya ƙayyade, don idan ya yi yawa shuka kan rage hulɗa da maikoraiza.