Darasi na Shida: Komawa Gudun Motsa Jiki Bayan Dogon Hutu

Mutum yakan yi shekaru yana fita gudu, sai wani abu ya tsayar da shi. Wani rashin lafiya ce, wani aiki ne ya yi masa yawa, wata haihuwa ta yi, wani kuwa kasala ce kawai ta kama shi, mako ya zama wata, wata ya zama shekara. Ranar da ya ƙudurta komawa, sai ya ɗauka zai ɗora daga inda ya tsaya. A nan ne mutane da yawa suke jin ciwo, su sake jingine takalmin. Wannan darasi zai nuna maka yadda za ka koma ba tare da ka ji wa kanka rauni ba.

Abin da hutu yake yi wa jiki

Idan ka daina gudu, cikin mako 2 zuwa 4 za ka fara jin bambanci. Ruwan da ke cikin jini yana raguwa, zuciya kuma ba ta tura jini mai yawa a kowane bugu kamar da. Shi ya sa kake haki a inda a da kake wucewa kana hira. Wannan kada ya dame ka. Zuciya da huhu suna da saurin farfaɗowa, makonni kaɗan na fita a kai a kai sun isa numfashi ya fara daidaita.

Ƙafa ce ba ta da wannan saurin. Jijiyoyin da suka ɗaure tsoka da ƙashi, irin su agara, ba sa samun jini sosai, don haka a hankali suke ƙarfi. Ƙashi ma watanni yake ɗauka kafin ya saba da sabon nauyi. Nauyin kuwa ba kaɗan ba ne. Duk takun da ka yi a guje, ƙafar da ta sauka tana ɗaukar ninki 2 zuwa 3 na nauyin jikinka. Bari mu yi lissafi. Mai nauyin kilo 70, ƙafarsa tana karɓar kilo 140 zuwa 210 a kowane taku. Mai gudu yakan yi taku wajen 160 a minti ɗaya. A minti 20 ke nan ya yi taku 3,200.

To, ga inda haɗarin yake. Wajen mako na uku ko na huɗu, numfashinka ya gyaru, kana jin ƙarfi, zuciyarka tana ce maka ka ƙara nisa, ka ƙara sauri. Alhali ƙwaurinka da gwiwarka da agararka ba su shirya ba tukuna. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Wanda ya biye wa wannan ƙarfin da yake ji, sau da yawa yakan koma gida ya yi wata biyu yana jinya. Ni a ganina tsohon gwani ya fi sabon shiga shiga wannan tarko, domin yana tuna abin da yake iya yi a da, yana jin kunyar yin ƙasa da shi.

Kafin ka fara

Idan kana da hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya ko asma, ko kuma rashin lafiya ce ta tsayar da kai tun farko, ka fara ganin likita. Ke ma 'yar'uwa, idan haihuwa kika yi, masana suna ba da shawarar a jira kamar wata 3 kafin a koma gudu, kuma sai ma'aikaciyar lafiya ta duba ki. Kafin lokacin, tafiyar ƙafa ta wadatar.

Ka duba takalminka. Idan ƙasansa ya cinye ta gefe ɗaya, ko ya daina laushi, ka sauya shi.

Gudu kaɗan, tafiya kaɗan

Idan ka yi watanni da yawa ba ka motsa ba, ka ba mako na farko ga tafiya zalla. Minti 30 da ɗan sauri, kwana uku ko huɗu a makon. Bayan nan sai ka fara haɗa gudu da tafiya.

Akwai wani tsari da wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ya fitar a 1996, wanda hukumar kula da lafiya ta Birtaniya take koya wa jama'a. Mako 9 ne, fita uku a mako, da hutun kwana ɗaya aƙalla tsakanin fita da fita. A makon farko za ka yi tafiyar minti 5 don jiki ya ɗumama. Sannan gudun sassarfa na daƙiƙa 60, tafiya ta daƙiƙa 90, kana maimaitawa har minti 20. A mako na biyu gudun ya zama daƙiƙa 90, tafiyar minti 2. Haka ake ƙarawa sannu a hankali, har a mako na tara mutum ya yi minti 30 bai tsaya ba. Idan wani mako ya yi maka nauyi, ka maimaita shi. Babu wanda yake ƙirga maka.

Daƙiƙa 60 za ta yi maka kamar wasa, musamman idan a da kana cin kilomita 10. Ka daure ka tsaya a kanta. Tafiyar da kake sakawa a tsakani ita ce take ba jijiya sararin sabawa, kuma ranar hutun nan ce jiki yake gyara abin da gudu ya taɓa.

Yaya za ka san saurinka ya yi daidai? Ka gwada magana. Idan kana iya faɗin jimla cikakkiya kana gudu, ka yi daidai. Idan kalma ɗaya ɗaya kake fitarwa da ƙyar, ka rage. Idan akwai zafi, ka fita da sassafe ko da yamma liƙis, ka sha ruwa. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi kamar gudu. Wanda ya kai ga minti 30 sau uku a mako ya yi minti 90.

Ciwo iri biyu ne

Akwai tsamin jiki. Yakan zo washegari, ya fi tsanani a kwana na biyu, ya kama cinyoyi biyu ko sharaɓa biyu tare, kuma yana sauƙi idan ka motsa. Wannan zai wuce da kansa cikin 'yan kwanaki.

Akwai kuma ciwon da yake tsayawa wuri guda, wanda za ka iya nuna shi da ɗan yatsa a kan ƙwauri ko tafin ƙafa. Yana ƙaruwa idan kana gudu, ko ya sa ka ɗingishi, ko wurin ya kumbura. Irin wannan ba a jure masa, domin yana iya zama tsagewar ƙashi ce ta fara. Ka daina gudu, ka je a duba ka. Idan kuwa ƙirjinka ya ɗaure, ko jiri ya ɗebe ka, ko numfashi ya ƙi dawowa bayan ka tsaya, ka nemi taimakon likita nan take.

Idan kasala ta dawo

Za ta dawo, domin ita ce ta tsayar da mutane da yawa tun farko. Ka tsayar da ranaku da lokaci, ka ajiye kayan gudunka tun da dare a inda za ka gan su. Ka sami abokin fita, domin da wuya mutum ya bar wani yana jiransa a waje. Ranar da ba ka jin fita, ka ce minti 10 kawai za ka yi, in ka gaji ka dawo. Idan rana ta kuɓuce maka, kada ka ninka ta gobe don ramuwa. Idan mako biyu ne suka wuce, ka koma baya da mako ɗaya a tsarin.

Aikin darasi

Ka sami ɗan littafi ka ja layi huɗu: kwanan wata, mintin da ka yi, yadda jikinka ya ji, da bugun zuciya. Da safe kafin ka tashi daga shimfiɗa, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ta gefen babban yatsa. Ka ƙirga bugun na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Idan ka sami 38, ka rubuta 76. Ga yawancin manya adadin yana tsakanin 60 da 100, kuma yakan sauko kaɗan kaɗan idan mutum ya dage da motsa jiki. Ka cika layukan bayan kowace fita, ka zo da littafin aji mako mai zuwa mu karanta tare.