Yadda Ake Gano Matsalar ABS da Na'urar Hana Santsi a Mota

Idan fitilar ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa in an taka birki da ƙarfi, ta kama a dashbod ta ƙi mutuwa, sau da yawa za ka ga ta hana santsi, wadda ake rubuta TC ko TCS, ta biyo ta. Ba matsala biyu ba ce. Dukansu da sensa huɗu na ƙafafun mota suke aiki, masu gaya wa kwamfutar birki gudun kowace taya. Ɗaya ta yi shiru, sai kwamfutar ta janye hannunta daga aikin gaba ɗaya. Birki zai ci gaba da kamawa, sai dai idan ka taka da ƙarfi tayoyin na iya ƙamewa su ja ƙasa.

Fara da kallon fitilun. In ka kunna makulli, daidai ne su kama na 'yan daƙiƙoƙi su mutu. In jar fitilar birki ta kama tare da ta ABS alhali ka sauke birkin hannu, kada ka hau titi sai ka duba man birki da inda yake yoyo.

Daga nan sai abubuwa masu sauƙi. Auna batir: wajen bolt 12.6 in mota na kashe, 13.5 zuwa 14.5 in inji na aiki. Batir mai rauni kaɗai na iya kunna fitilun nan. Duba fiyus na ABS, ka tabbata tayoyin huɗu girmansu ɗaya, domin taya ƙarama ta fi sauran saurin juyawa, kwamfuta kuma ta ɗauka santsi take yi. Sa wani ya tsaya a baya ya ga ko fitilar birki na kamawa in ka taka, don makunnin da ke jikin feda shi ma yana cikin lissafin.

Sannan a jona sikana, na'urar da ke karanta lambobin matsala daga kwamfutar mota, a soket mai rami 16 da ke ƙasan sitiyari. Lura, ƙananan sikana da yawa lambobin inji kawai suke karantawa, masu farawa da P. Na birki da C suke farawa. A motoci da yawa C0035 na nufin gaba ta hagu, C0040 gaba ta dama, C0045 da C0050 kuma na baya. Rubuta lambar kafin ka goge.

A nan ne mutane suke asarar kuɗi. Lambar ba ta ce sensa ta mutu ba, ta nuna maka ƙafar da za ka bincika ne kawai. Buɗe shafin sikana da ke nuna gudun tayoyi kai tsaye, wani ya tuƙa a hankali, kamar kilomita 20 zuwa 30 a awa, kai kana kallo. Lambobi huɗun su tafi kafaɗa da kafaɗa. Wadda ta tsaya a sifili, ko take faɗuwa tana tashi, ita ce mai laifi.

Ɗaga wannan ƙafar da jak, ka tokare motar da kyau, ka cire taya. Bi wayar sensa da yatsa tun daga ƙafa har soket, musamman inda take lanƙwasawa in an juya sitiyari. Can take karyewa a ciki alhali robar waje lafiya lau. Buɗe soket ka duba ruwa ko koren tsatsa. Zaro sensar: bakinta kan tara garin ƙarfe ya yi mata gemu, goge shi kawai na iya kashe fitilar. Leƙa ramin da tocila kana juya ƙafar, ka duba zoben mai haƙora da sensar ke karanta juyawarsa ko ya tsage ko haƙori ya fita. Girgiza ƙafar kuma, boris da ya yi lako-lako yana nesanta zoben da sensa.

Tsohuwar irin sensa ana auna ta da mitar gwajin wuta, yawanci tsakanin om 800 da 2,000, kuma tana ba da ɗan wuta in ka juya ƙafar da hannu. Kwatanta da ta ɗaya gefen. Sabuwar irin, wadda ke karɓar wuta daga kwamfuta, ba a auna ta haka. A motoci da yawa zoben nata maganaɗisu ne a jikin boris, kuma a gefe ɗaya na boris ɗin kawai yake. Idan fitila ta kama bayan an canza boris, da alama an sa shi a juye.

In feda na karkarwa lokacin da mota ta kusa tsayawa a busasshen titi, saƙon da sensa ke aikawa ne ke rauni, galibi tsatsa ce ta ɗaga sensar daga mazauninta. In kuma fitilar hana santsi kaɗai ta kama bayan gyaran ƙafa ko sitiyari, sensar sitiyari ce ke neman saiti da sikana.

Kwamfutar ABS da famfonta su ne na ƙarshe da za a zarga, bayan an tabbatar wuta na isa gare su kuma wayar da ke ɗaure a jikin bodi ba ta yi tsatsa ba. In dole aka canza, motoci da yawa sai da sikana ake fitar da iskar da ta maƙale a ciki. Bayan kowane gyara, goge lambar ka ɗan zaga da motar, don wasu ba sa kashe fitilar sai sun ga tayoyin huɗu na juyawa.