Biskit ɗin bota mai dabino da gyaɗa don Sallah

'Yan uwa mata, ga ma'aunin da bai taɓa ba ni kunya ba: sukari giram 100, bota 200, fulawa 300. Ba ƙwai, ba ruwa. Botar ta kasance da sanyinta, ki murza ta da fulawar da sukarin da yatsu har haɗin ya yi wara-wara. Kada ki cuɗa shi kamar ƙullin burodi, tauri zai yi.

Dabinon, in busasshe ne, ki jiƙa a ruwan ɗumi minti 10, ki tsane shi sosai kafin ki yayyanka, don busasshen da ya leƙo saman biskit ƙonewa yake ya yi ɗaci. Gyaɗa kuwa ki soya, ki murje ɓawon, ki ɓarza.

Ki zuba dabinon da gyaɗar cikin haɗin, ki danne a farantin gashi, ki gasa a zafin digiri 160 (Celsius) kamar minti 30. Don Allah ki yanka tun yana da ɗumi. In ya huce, farfashewa zai yi.